Haɗari a Wancan Hannu, Cunkoso a Wannan

Direbobin da ke kan hanya a wannan lokaci, sannunku da tuƙi. Ku ara mini kunne kawai. Idon kuwa, ku bar shi a kan kwalta, domin yau zancen ido za mu yi.

Bari in fara da abin da ya faru da ni.

Kwanakin baya na taso daga Kano zan je Zariya a motar haya. Mun wuce Kura lafiya lau. Muna dosar Kwanar Ɗangora sai mota ta fara jan ƙafa. Can sai ta tsaya cik. Gaba motoci, baya motoci. Ga rana, ga jariri yana ta tsala kuka a kujerar baya. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce, "Direba, shinge ne?" Direba ya ce, "Wallahi Baba, ban sani ba." Haka muka yi ta rarrafe kusan minti 40.

Da muka iso wurin, sai ga haɗari. Amma a ina? A ɗaya hannun, hannun masu shiga Kano. Namu hannun ko tsinke babu a kai. To me ya tsayar da mu? Duk motar da ta iso sai ta taka birki, direba ya leƙa, fasinjoji su miƙa wuya, a yi salati, a wuce. Direbanmu, wanda tun ɗazu yake zagin na gaba, da ya iso shi ma ya sassauta ya leƙa. Ni ma, kada in yi muku ƙarya, na miƙa nawa wuyan.

Amurkawa har suna suka raɗa wa mai wannan hali. Suna ce masa mai wuyan roba, saboda yadda wuyansa ke miƙewa yana bin abin kallo. Mu kuwa sunansa a wurinmu tsoho ne: ɗan kallo. Sai dai wannan ɗan kallon yana riƙe da sitiyari.

Da farko za mu ga yadda leƙen mutum ɗaya ke zama goslo mai tsawon kilomita. Sannan mu duba wanda wannan cunkoso ke cuta. Daga nan mu zo kan abin yi.

To, kashi na farko. Yaya kallo ke zama cunkoso?

Ku tuna ƙofar masallaci bayan an idar da sallar Juma'a. Ƙofar a buɗe take, babu wanda ya rufe ta. Amma kowa ya iso baki sai ya ɗan tsaya ya zura takalmi. Shi a ganinsa bai daɗe ba. Wanda ke can sahun gaba kuwa sai ya yi minti 10 bai fita ba. Hanyar mota ma ƙofa ce. Akwai iya adadin motocin da za ta iya fitarwa a awa guda.

Bari mu yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba ne. A awa ɗaya akwai daƙiƙa 3,600. Idan mota tana bin mota da tazarar daƙiƙa 2, layi ɗaya zai fitar da mota 1,800 a awa. Yanzu a ce kowane direba ya ƙara daƙiƙa ɗaya tak don ya leƙa. Daƙiƙa ɗaya fa, ƙiftawa da bismilla. Tazara ta koma daƙiƙa 3. Layin nan da ke fitar da 1,800 ya koma fitar da 1,200. Ku sake ji: daga 1,800 zuwa 1,200. Kashi ɗaya cikin uku na hanyar ya tafi, alhali babu abin da ya tare ta.

Idan kuma motoci 1,500 ne ke tahowa a awa, ina sauran 300 za su? Za su taru a baya. Ka ba kowace mota mita 7, ita da ɗan filin da ke gabanta, ka samu layin da ya haura kilomita 2 cikin awa guda. Ban ma sa tirela da tanka a lissafin ba, su da in sun tsaya, kafin su sake ɗaukar gudu sai an sha jira.

Akwai wani abu kuma da ke ɗaure wa mutane kai. Sai ka sha goslo, ka iso inda ake zaton matsalar take, ka tarar babu komai. An janye motar tun tuni. To me ya riƙe ka?

A shekarar 2008 wasu masana a Japan, ƙarƙashin wani malami na Jami'ar Nagoya, suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun ɗora motoci 22 a kan hanya mai zagaye, tsawonta mita 230. Suka ce wa direbobin kowa ya riƙe gudun kilomita 30 a awa, ya yi ta zagayawa. Babu danja, babu rami, babu shinge. Da fari komai daidai. Jim kaɗan wani ya ɗan sassauta. Na bayansa ya taka birki fiye da shi. Na bayan wannan ya taka fiye da haka. Kafin ka ce kwabo, wasu motocin sun tsaya cik. Abin mamakin, cunkoson ba ya zama wuri ɗaya. Baya yake tafiya, da gudun kusan kilomita 20 a awa, motoci suna gaba shi yana baya. Masana na kiransa igiyar cunkoso, wato kamar igiyar ruwa da ke ratsa tafki bayan an jefa dutse.

Malam direba, ma'anar wannan ita ce, birkin da ka taka don ka leƙa ba ya ƙarewa a ƙafarka. Kai ka wuce, ka isa gida, har ka ci tuwo. Birkinka yana can yana tafiya baya, yana tsayar da mutanen da ba ka taɓa gani ba.

Kada wani ya ji kamar zaginsa nake yi. Kallon nan halitta ce. Ido yana bin abin tsoro ko mutum bai so ba. Wani tausayi ne ke sa shi leƙe. Wani kuma gabansa ne ya faɗi, yana duba ko motar garinsu ce, ko ya san mai ita. Duk na yarda. Fasinja ya leƙa, babu motar da za ta kauce. Direba kuwa idonsa ba nasa ba ne shi kaɗai, na duk wanda ke cikin motar ne, da wanda ke gabanta.

Ga wani lissafin. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ka kau da kai na daƙiƙa 2, ka yi tafiyar mita 56 ba ka ga gabanka ba. Ya fi rabin filin ƙwallo. Ko a gudun 60, daƙiƙa 2 sun haura mita 30. Wani bincike da aka yi a jihar Bajiniya ta Amurka, inda aka sa kyamarori a cikin motoci 100 ana lura da direbobi, ya nuna cewa kau da ido daga hanya fiye da daƙiƙa 2 yana ninka yiwuwar karo. Kuma ka tuna, a daidai wurin da kake kallon gefe, nan ne na gabanka ya fi taka birki ba zato, domin shi ma kallo yake yi. Haka haɗari ke haifar haɗari. Ma'aikatan hanya na kiransa haɗari na biyu, wato wanda ya auku saboda na farko. Wani lokaci na farkon ƙarfe ne kawai ya lotse, na biyun ne ke ɗaukar rai.

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan direbobin da ke rage gudu don kallon haɗari, da cunkoson da hakan ke jawowa.

Mu shiga kashi na biyu. Wa cunkoson ke cuta?

Za ka ce ai ɓata lokaci ne kawai. Mai tumatir ya makara kasuwa, ɗalibi ya makara jarrabawa. Haka ne. Amma akwai wanda ya fi su asara, shi ne wanda kuke kallon.

Mutumin nan da ke kwance a gefen titi yana zubar da jini, jiran mota ɗaya yake yi. Motar asibiti, ko motar jami'an kiyaye haɗurra. Ta ina za ta biyo? Ta hanyar nan da 'yan kallo suka cushe. Likitoci na ba awa ta farko bayan mummunan rauni muhimmanci ƙwarai, domin jinin da ke zuba ba ya jira. Duk mintin da motar ceto ta yi tana jiniya a bayan layi, daga cikin wannan awa aka cire shi.

Kuma mu nan muna da wata ɗabi'a da ke ƙara dagula lamarin. Da zarar goslo ya haɗu, sai masu wayo su sauka gefen titi su buɗe sabon layi. Wasu su tsallaka ɗaya hannun su yi wanwe. Layi biyu ya zama huɗu. Na can ma su yi haka. Sai a wayi gari motoci sun yi gaba da gaba, kamar raguna za su yi karo, kowa yana danna oda. A nan ko jiniyar wa aka kunna, babu inda za a matsa. A Jamus doka ce, da zarar motoci sun fara tsayawa a babbar hanya, na layin hagu su matsa hagu, sauran su matsa dama, a bar fili a tsakiya domin motocin ceto, tun ma kafin a ji jiniya. Mu ba ma buƙatar jiran doka kafin mu bar gefen titi a buɗe. Gefen titi a lokacin haɗari hanyar ceto ce. Ka bar ta.

Sai maganar waya. A nan zan ɗan daɗe, domin abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Da can mutum kallo yake yi ya wuce. Yanzu sai ya zaro waya. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waje yana ɗaukar bidiyo. Wasu su faka, su sauko, su kewaye wanda ya ji rauni, kowa ya ɗaga waya sama. Mutum yana nishi, mutum 30 suna ɗaukarsa, babu mai danne masa rauni. Kafin a kai shi asibiti, hotonsa ya zaga WhatsApp da Facebook da TikTok.

Hajiya da ke saurarena a gida, ki yi tunani. Kina zaune kina duba waya, sai ga bidiyo an turo, an rubuta innalillahi. Ki buɗe, ki ga rigar da ɗanki ya fita da ita da safe. Mu da muka gaji al'adar a tura dattijo ya je ya faɗi rasuwa da lafazi mai taushi, mu da muke gaggawar rufe gawa da mayafi, yaushe muka koma haka? Wanda ke kwance a titi tufafinsa a yage, mace ce ko namiji, yana da mutunci. Ba shi da bakin da zai ce kada a ɗauke shi.

Wasu ƙasashen sun gaji da roƙo. A Jamus, tun daga shekarar 2021, ɗaukar hoton wanda ya mutu a haɗari don a baza shi laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara 2. A Ingila kuwa, a 2012 gwamnati ta sayi labulaye na musamman da ake kafawa a kewaye wurin haɗari a manyan hanyoyi. Dalili? Idan babu abin gani, babu mai tsayawa gani. Ku duba fa, sai da aka kashe kuɗi aka sayi labule saboda idon direbobi.

Malamanmu suna karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi a kan masu zama a bakinta, kuma cikin haƙƙoƙin akwai kame ido da kame cuta. Suna kuma karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. To idan motarka ce ta zama abin da ya tare hanyar, kawar da ita ma ai ka san hukuncinta.

Akwai kuma kallon da ke kashe mai kallon kansa. Ina nufin faɗuwar tankar mai. Ba mu manta Majiya ba, a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, cikin watan Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Ba mu manta mahaɗar Dikko a jihar Neja ba, cikin Janairun 2025, fiye da mutum 80. 'Yan'uwanmu na Nijar ba su manta tankar da ta kama wuta kusa da filin jirgin saman Yamai a watan Mayun 2019 ba, fiye da mutum 50. Allah ya jiƙansu. An fi maganar masu kwasar mai, kuma gaskiya ne, kwasar ce ke tara jama'a. Amma wuta ba ta tambayar wa ya zo da jarka, wa ya zo da ido. Tururin fetur ya fi iska nauyi. Ƙasa yake bi, ya kwanta a kwalbati, ya yi nisa ba ka gan shi ba. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi, ko na sigari, ko na janareta, ko na inji. Idan ka ga tanka a kwance, babu kallo, babu hoto. Ka yi nisa, ka kori yara su yi nisa.

Yanzu kashi na uku, abin yi.

Na san wani yana can yana cewa, "Haba Malam, so kake mu ga ɗan'uwa a kwance mu wuce?" A'a, ɗan'uwa. A yawancin hanyoyinmu, matafiya da mutanen ƙauyen da ke kusa su ne ke fara kai ɗauki, kuma sun ceci rayuka masu yawa. Allah ya saka musu. Abin da nake cewa shi ne, zaɓi biyu gare ka. Ko ka tsaya ka taimaka, ko ka wuce. Na ukun, wato ka sassauta ka ƙare wa abin kallo sannan ka tafi, shi ne ba ya amfanar kowa. Ko ka taimaka, ko ka wuce.

Idan ka iso ka tarar jami'ai suna wurin, ko mutane sun isa suna aiki, wuce. Rage gudu, i, domin akwai mutane a kan titi, akwai fasassun gilasai. Amma rage gudu iri biyu ne. Akwai na mai hankali, idonsa a gaba, tazara tsakaninsa da na gaba, tafiya ba yankewa. Akwai na ɗan kallo, ƙafa a birki, fuska a gefe. Na farkon muke so. Idan jami'i ya ɗaga maka hannu ya ce taho, ka taho. Addu'arka ka yi ta kana tafiya, za ta isa inda za ta isa.

Fasinjoji, ku ma da naku. Ku daina cewa "Direba, ɗan tsaya mu gani." Wanda ke gidan gaba, idan ka ga direba ya juya kai, ka ce masa, "Malam, duba gabanka." Ba rashin kunya ba ne, ranka ne a hannunsa.

Idan kuwa kai ne ka fara isowa, ga yadda ake tsayawa. Wuce wurin tukuna, ka sauka daga kan kwalta gaba ɗaya. Kunna fitilun gargaɗi, waɗanda ke walƙiya hagu da dama. Ɗauko alamar nan mai kusurwa uku, wadda direbobi ke kira si-koshan, ka ajiye ta can nesa ta inda motoci ke tahowa, ba a gindin mota ba. Idan ganye aka sa, a tuna a kwashe shi bayan an gama. A kashe injin motar da ta yi haɗari. Kada kowa ya kunna sigari. A sa mutum ɗaya ya riƙa ba motoci hannu su wuce.

Sai kira. A Najeriya, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ita ce 122. Kyauta ce. Akwai kuma 112, lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya. Idan an ɗauka, kada ka tsaya salati kawai. Faɗi hanyar, faɗi garin da ya fi kusa, faɗi hannun da abin ya faru. Mutum nawa suka ji rauni? Akwai wanda ya maƙale? Akwai tanka ko wuta?

Wanda ke zubar da jini, a samu tsumma mai tsabta a danne wurin da ƙarfi, kada a saki. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a fizge shi. Sai in wuta ce ke tahowa. Wasu haɗari bai shanye musu jiki ba, ɗaukar da aka yi musu ce, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, kai yana lilo. Idan dole a ɗauka, mutum ɗaya ya tallafi kai da wuya, a ɗaga jikin a miƙe kamar katako. Sannan ruwan ledar nan da muke gaggawar ɗura wa mai rauni, a dakata. Wanda hankalinsa bai dawo daidai ba zai iya shaƙewa, kuma wataƙila aikin tiyata ke jiransa.

Masu tsoron kai mutum asibiti kada a ce sai da takardar 'yan sanda, ku sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa, ko da wane dalili.

Na cikin gari ban manta da ku ba. A-daidaita-sahu ta gogi mota, fenti ne kawai ya kankare. Sai a bar su a tsakiyar titi ana cacar baki, 'yan acaɓa su yi da'ira, masu wucewa su tsaya jin wa ke da gaskiya. Idan babu wanda ya ji rauni, ku ɗauki hoton yadda motocin suka tsaya, wannan hoton shi ne mai amfani. Sannan ku matsa gefe ku yi shari'arku a can.

Lokaci ya ƙure mana. Wanda ke gida ko shago, ɗauko wayarka yanzu ka adana lambobin nan: 122, da 112. Zan maimaita, 122, da 112. Masu sauraronmu na Jamhuriyar Nijar, 18 ce lambar 'yan kwana-kwana, 17 ta 'yan sanda. Malam direba, kai kada ka taɓa wayar yanzu. Bari sai ka faka, ko ka ce wa yaron motarka ya rubuta maka.

Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, idan Allah ya kai mu. Na kan hanya, Allah ya sauke ku lafiya.